Ina Aikin Wuni, Ga Sabon Ɗan Kwikwiyo a Gida: Tambayoyi da Amsoshi Kan Koya Masa Inda Zai Yi Fitsari da Kashi

Waɗannan su ne tambayoyin da masu sabon kwikwiyo suka fi yi, musamman waɗanda ke fita aiki da safe ba su dawo ba sai rana ta yi sanyi. Karnuka biyu na rena ina aikin wuni. Na farkon ya sha wahala a hannuna saboda rashin sanina, ta biyun kuwa abin ya zo mana da sauƙi, don haka wasu amsoshin daga kuskurena suka fito.

Anya zai yiwu kuwa? Ina fita ƙarfe 7:30 na safe, ba na dawowa sai 5:30 na yamma.

Zai yiwu, amma sai ka zauna ka yi lissafi tukuna. Mafitsarar ɗan kwikwiyo 'yar ƙarama ce, kuma tsokar da ke riƙe fitsarin ba ta gama ƙwari ba. Ma'aunin da likitocin dabbobi da masu horar da karnuka suka saba bayarwa shi ne awa ɗaya ga kowane wata da ya yi a duniya, wasu su ƙara masa awa guda a kai. Ke nan ɗan wata 2 zai iya riƙewa awa 2 zuwa 3, ɗan wata 3 awa 3 zuwa 4, ɗan wata 4 kuma awa 4 zuwa 5. Wannan ma in yana kwance ne shiru. In wasa ya yi daɗi, minti 20 na iya isarsa.

Kai kuma awa 10 za ka yi a waje. Tsakanin 3 da 10 akwai awa 7, kuma babu wayon horo da zai cike wannan giɓin, domin matsalar a jikinsa take, ba a kansa ba. Hanya biyu ce kawai: ko wani ya zo ya riƙa fitar da shi, ko ka ware masa wurin da aka yarda ya yi a cikin gida. Yawancin masu aikin wuni haɗa biyun suke yi.

Ƙungiyar kare haƙƙin dabbobi ta RSPCA da ke Ingila tana ba da shawarar kada a bar ko da babban kare shi kaɗai fiye da awa 4. Ba kowa ke iya cika wannan ba, na sani, amma yana da kyau mutum ya san inda ma'aunin yake kafin ya auna kansa.

Me ya kamata in shirya kafin in ɗauko shi?

Ba a fafe gora ranar tafiya. In kana da hutun shekara, wannan ne lokacin cinsa: mako guda, in da hali biyu. In babu, ka ɗauko shi a farkon hutun ƙarshen mako, ko ba komai ku sami kwana biyu tare. A cikin kwanakin nan kada ka manne masa dare da rana sannan ranar aiki ka ɓace masa awa 10 a tashi ɗaya. Ka riƙa barinsa a wurinsa minti 5, sannan 15, sannan rabin awa, ka fita ka dawo ba tare da wani biki ba.

Kada ka karɓe shi kafin ya cika mako 8 tare da uwarsa. Kuma ka tambayi wanda ya ba ka shi: a kan me ya saba yi? Ƙasa, ciyawa, siminti, ko takarda? Kwikwiyo yana sabawa da abin da ƙafarsa ke takawa lokacin da yake tsugunawa, kuma wannan sabon da wuri yake kama shi.

Wata magana da ba kowa ke son ji ba: in har yanzu ba ka ɗauko ba, kuma ba ka da wanda zai taimaka da rana, kare mai wata 8 ko shekara guda ya fi dacewa da kai nesa ba kusa ba.

An ce keji ne maganin komai. In kulle shi ciki in tafi aiki?

A'a. Amfanin keji ya dogara ne kan hali guda na kare: ba ya son ɓata inda yake kwana. Shi ya sa ake so kejin ya zama daidai shi, ya iya tsayawa, ya juya, ya kwanta ya miƙe, ba fiye da haka ba. In ya yi girma, sai ya mai da lungu ɗaya makwanci, ɗayan kuma masai. Yawancin kejin waya suna zuwa da abin raba ciki da ake matsarwa yayin da yake girma.

To amma wannan halin yana aiki ne muddin zai iya riƙewa. In ka kulle ɗan wata 2 na awa 10, zai daure iya daurewa, ya yi kuka, daga ƙarshe ya yi a inda yake, ya kwanta a ciki. Kwana biyu uku haka, sai ƙyamar nan ta mutu. Haka na yi wa karena na farko. Na dawo na tarar da shi jiƙe sharkaf, yana rawar jiki a lungun keji, ni kuma ina ganin taurin kai ne. Sai da muka shafe watanni kafin ya daina kwanciya cikin fitsarinsa. Keji na dare ne, da ɗan lokacin da kake gida amma idonka ba ya kansa, kamar sa'ad da kake wanka. A cire masa abin wuya kafin ya shiga, don yana iya maƙalewa a jikin waya.

To ina zan bar shi ke nan?

Ka keɓe masa ɗan fili: ko shingen da ake harhaɗawa, ko ƙaramin ɗaki mai daɓe mai saukin gogewa wanda aka tare ƙofarsa da ƙaramin shinge maimakon a rufe ta ruf. A ciki abu huɗu ake bukata. Makwancinsa, ko kejin a buɗe, a gefe guda. Ruwan sha a kwano mai nauyi da ba zai kifar ba. Abin tauna mai ƙwari, irin robar nan mai rami da ake cusa abincinsa a ciki ya yi ta fama. Sai wurin bayan gida, can ƙarshen fili, nesa da makwanci da ruwa iyakar yadda wurin ya bari. Shi da kansa zai tashi daga makwanci ya nufi inda ya fi nisa, kai dai ka sa abin da kake so ya yi a kai a daidai wurin.

Kafin ka tafi, ka durƙusa ka dubi wurin daga tsayinsa. Wayar lantarki, takalmi, jakar leda, magani, gefen labule, duk abin da baki zai kai a ɗauke. Ka kuma duba ko rana na faɗowa wurin da tsakar rana, domin ɗakin da ke da sanyi ƙarfe 7 na safe yana iya zama tanda ƙarfe 2.

Shimfiɗar fitsari ba za ta koya masa cewa yi a ɗaki daidai ne ba?

Tana ɗan jinkirta horon, wannan gaskiya ne. Tana da laushi, don haka wasu 'yan kwikwiyo sukan ɗauka duk abu mai laushi da ke ƙasa ɗan'uwanta ne: dardumar bakin ƙofa, kafet, tawul ɗin da ya faɗo. Wasu kuma yayyaga ta suke yi su haɗiye, wanda ke da haɗari. A ganina faffaɗan faranti da aka zuba wa ƙasa ko aka shimfiɗa wa yankin ciyawa ya fi, domin abin da zai taka a waje ke nan. Aikin share shi ya fi yawa, amma ranar da za a koma waje gaba ɗaya ba sai an sake sabon karatu ba.

In shimfiɗar ce ta fi maka sauƙi, yi amfani da ita, ba laifi. Sharaɗi ɗaya: ta lokacin da ba ka nan ce. Da ka dawo ka ɗauke ta, a koma fita waje.

Yaya ranar aiki za ta kasance, daga safe zuwa dare?

Ga yadda na yi da 'yar kwikwiyota tana 'yar mako 10. Ƙarfe 5:45 agogo zai buga. Ban wanke ido ba, ban duba waya ba, sai in buɗe keji in ɗauke ta cak a hannu, domin in na bari ta taka da ƙafarta, kafin mu kai ƙofa ta tsuguna. In ajiye ta a wuri guda da muka saba, igiya a wuyanta, in tsaya kamar gunki. Za ta sunkuyar da kai tana shinshina ƙasa, ta zagaya sau biyu, sannan ta tsuguna. Tana gamawa in yaba mata in ba ta ladanta, wato ɗan guntun abin ci da take so, a nan take.

Ƙarfe 6 abinci. Bayan minti 10 zuwa 20 mu sake fita, wannan karon don kashi, domin cin abinci yana motsa hanjin kwikwiyo nan da nan. Sai wasa mai gajiyarwa na kamar minti 20, a sake fita sau ɗaya dab da tafiyata, sannan ta shiga filinta da abin taunarta. Kwikwiyo yana barcin awa 18 zuwa 20 a rana, saboda haka in ya ci ya yi wasa ya sauke nauyinsa, yawancin safiyar barci zai yi.

Tsakar rana mai taimako ya zo. Da yamma ina shigowa, kafin in ajiye jaka, waje. Daga nan har dare ƙa'idar ba ta canjawa: bayan farkawa, bayan ci, bayan sha, bayan wasa, kuma duk awa ɗaya ko biyu ko da babu ɗaya daga ciki. Abincin dare ya zama aƙalla awa 3 kafin kwanciya. A kan lokaci ake ba shi abinci, sau 3 ko 4 a rana yana ƙarami, a ɗauke kwanon bayan minti 15. In abinci na ajiye duk wuni, ba za ka taɓa iya sanin lokacin kashinsa ba.

Wanda zai zo da rana, sau nawa, kuma me zan gaya masa?

Kafin wata 3, sau biyu ya fi, in ba hali sau ɗaya tare da wurin bayan gida a filinsa. Daga wata 4 zuwa 6 sau ɗaya ya isa. Ko maƙwabci ne, ko ɗan'uwa, ko wanda kake biya, ko kai da kanka in wurin aikinka na kusa, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Rubuta masa a takarda ka manna a ƙofa: ya fitar da shi nan take kafin wasa, ga wurin, ga kalmar da ake faɗa masa in ya tsuguna, ga inda ladan yake, kuma in ya tarar da ɓarna ya goge kawai, ban da faɗa. Ka roƙe shi ya rubuta lokacin da kwikwiyon ya yi da abin da ya yi. Bayan mako guda takardar nan za ta nuna maka agogon cikinsa fiye da duk wani hasashe.

Na fitar da shi, mun yi minti 20 bai yi komai ba, muna shiga ya tsuguna a falo. Raini ne?

Ba raini ba ne, waje ne ya ɗauke masa hankali: ƙamshi, ganye, tsuntsu, ƙarar mota. Ya manta yana jin fitsari, sai da ya shigo inda babu abin kallo ya tuna. Ka sa masa igiya, ka tsaya wuri guda, kada ka yi masa magana ko wasa. Minti 5 ya isa. In bai yi ba, ka ɗauke shi ka mai da shi keji ko ka riƙe shi a hannu, bayan minti 10 zuwa 15 ku sake fita. Ba ya samun sakewa a cikin gida sai ya yi a waje.

Akwai kuma kuskuren da mai sauri zuwa aiki ke yi: kwikwiyo na gamawa sai a ja shi ciki. Mai wayo zai gane cewa fitsari ne ke kawo ƙarshen yawo, sai ya riƙa ja da shi. Ka ƙara masa ko minti 2 na wasa bayan ya gama.

Ladan dole ne? Kuma yaushe ake bayarwa?

Shi ne horon gaba ɗaya. Ɗan guntun abin da yake so, ƙarami kamar ƙwayar abincinsa, cikin daƙiƙa 2 ko 3 da gamawarsa, a wurin da ya yi. In ka bari sai kun shiga gida, ka ba shi ladan shiga gida ne. Kada kuma ka fara ihun yabo yana tsaka da yi, zai katse ya taho wurinka, sauran ya ƙarasa a ɗaki. Ka zaɓi gajeriyar kalma ɗaya, ko "yi maza" ce, ka faɗe ta a hankali daidai lokacin da ya tsuguna. Bayan makonni kalmar za ta riƙa sa shi yi, kuma za ka gode mata ranar da ake ruwa kana makara.

Ina dawowa na tarar da kashi, shi kuma ya sunkuyar da kai ya maƙale jela. Ai ya san ya yi laifi ko?

Wannan fuskar ta yaudari mutane da yawa. A shekarar 2009 wata mai bincike kan halayyar karnuka a Kwalejin Barnard da ke Amurka, Alexandra Horowitz, ta gwada abin da karnuka 14. Mai kare zai hana shi cin wani abu ya fita daga ɗaki, in ya dawo a gaya masa ko karen ya ci ko bai ci ba, wani lokaci kuma da gangan a gaya masa akasin abin da ya faru. Abin da ya bayyana shi ne, fuskar laifin tana bin faɗan mai karen ne, ba abin da karen ya aikata ba. Har waɗanda ba su ci komai ba sun yi ta da aka yi musu faɗa.

Ke nan abin da kake gani tsoronka ne. Kashin da ya yi ƙarfe 11 ba ya haɗa shi da fushinka na ƙarfe 5:30. Cusa masa hanci a ciki ko dukansa abu guda yake koya masa: kada ya yi a gabanka. Daga nan sai ka fitar da shi ya ƙi yi saboda kana tsaye, ya shigo ya lallaɓa bayan kujera.

In na kama shi yana cikin yi fa?

Ka ce "a'a" ko ka ɗan tafa, daidai yadda zai dakata ba tare da ya firgita ba, ka ɗauke shi waje. In ya ƙarasa a can, lada. Sannan ka tambayi kanka wace alama ta wuce ka: shinshina ƙasa, zagaye, barin wasa kwatsam, ko nufar ƙofa.

Me ya sa yake komawa wuri ɗaya ko na wanke?

Hancinka ya ce wurin ya fita, nasa ya ce da sauran. Sabulu na yau da kullum ba ya kashe warin fitsari ga hancin kare. Ka tsane wurin tukuna, sannan ka zuba maganin wanki mai sinadarin enzayim da aka yi don fitsarin dabbobi, ka bar shi ya jiƙa gwargwadon yadda aka rubuta a jikinsa. Ka guji duk mai amoniya, domin warinta kamar na fitsari ne, gayyata ce kawai. Kuma kada ka taɓa haɗa bilic, ruwan wankin nan mai sa tufafi fari, da amoniya, hayaƙinsu guba ne.

Dare fa? Ina bukatar barci, da safe aiki.

Da dare jikinsa yana rage aiki, don haka yana riƙewa fiye da rana. Duk da haka ɗan mako 8 zuwa 12 zai bukaci fita sau ɗaya ko biyu. Ka ajiye kejin kusa da gadonka ka ji motsinsa. Ka fitar da shi shiru, ba wasa, ba kunna fitilu, ya yi ku koma. Yawancinsu kan kai safe ba tare da fita ba a wajen wata 4. Makonnin farko za ka yi hamma a ofis, babu yadda za a yi.

In rage masa ruwa da rana don kada ya yi ta fitsari?

Kada ka kuskura. Ruwa ya kasance a gabansa duk wuni. Abin da za ka iya yi shi ne ɗauke kwanon kamar awa 2 kafin barcin dare, shi ma in ba zafi ake yi ba.

Bai gama allurar rigakafi ba. Ina zan fitar da shi?

Allurorin kwikwiyo sukan fara a mako 6 zuwa 8, a riƙa maimaitawa har wajen mako 16. Kafin su kammala, babban abin tsoro shi ne cutar farbo, mai sa amai da gudawar jini, wadda ƙwayarta ke iya zama a ƙasa wata da watanni. In kana da tsakar gida ko wani fili da baƙin karnuka ba sa shiga, can za ka kai shi. In a bene kake, inda kowa ke fitar da karensa wuri ɗaya, farantin ƙasa a baranda ya fi aminci har likitan dabbobi ya ce ya isa fita.

Da na shigo sai ya tarbe ni yana kaɗa jela yana ɗigar da fitsari. Horon ne bai shiga ba?

Wannan daban ne. Murna ce ta fi ƙarfin mafitsara, ko kuma ladabi irin na ƙaramin kare gaban babba, musamman in yana kwanciya ya nuna ciki. Bai ma san yana yi ba, faɗa kuma ƙara abin yake. Ka shigo shiru, kada ka sunkuya a kansa, kada ka zuba masa ido, ku wuce waje kai tsaye, a yi gaisuwar a can. Galibi yana wucewa da girma.

Ya yi mako uku ba kuskure, yanzu ya koma gidan jiya. Me ya faru?

Ruwa ba ya tsami banza. Fara da lafiyarsa. In yana fitsari kaɗan-kaɗan a kai a kai, yana nishi kafin ya fito, akwai jini, yana shan ruwa fiye da kima, ko yana jiƙa makwancinsa cikin barci, kai shi wurin likitan dabbobi, domin ciwon mafitsara na yin haka. Gudawa kuma na iya zama tsutsar ciki ko canjin abinci na farat ɗaya.

In lafiya lau yake, dubi abin da ya canja. Mafi yawan lokuta mu ne muka yi gaggawar sakar masa gida duka, ko ranakun hutu suka rushe tsarin: an yi barci har ƙarfe 9, abinci ya makara. Wajen wata 6 zuwa sama kuma balaga na zuwa, namiji ya fara ɗaga ƙafa yana ɗiga kaɗan a jikin kujera don sa alama. In kuwa ɓarnar na faruwa ne jim kaɗan bayan fitarka, tare da haushi ba ƙaƙƙautawa da kartar ƙofa, to damuwar kaɗaici ce. Ajiye tsohuwar waya ta ɗauki bidiyon rabin awar farko, ka nuna wa likita ko ƙwararren mai horo.

Yaushe zan ce an gama, in ɗauke shingen?

Yawanci wata 4 zuwa 6 ake ɗauka, wasu har shekara, ƙananan nau'in karnuka kuma sun fi jinkiri. Mai aikin wuni ya sa ran nasa zai ɗan fi na mai zaman gida tsawo, tunda damar koyarwa ta fi ƙaranci. Ma'aunina shi ne wata guda cur babu kuskure. Daga nan ka fara da farantin: in mai zuwa da rana ya yi kwana 10 yana tarar da shi a bushe, ɗauke shi. Sai ka ƙara masa ɗaki ɗaya, kana gida, na mako guda ko biyu, kafin ka bar shi a ciki shi kaɗai. Ɗaki mai kafet ya zama na ƙarshe. In ya yi kuskure sau biyu a sabon ɗakin, rufe shi, ku koma matakin baya na mako biyu sannan a sake gwadawa.